Littafin Bashin Kakana

Ran da soron gidanmu ya rufta a Yakasai,
muna kwasar ƙasa da guntayen azara,
na ci karo da littafin bashin kakana
cikin wata tukunya da gara ta manta.
Fatu ya saya ya sayar a Kurmi, shekara arba'in,
kowa ya ci bashi, ajami ya riƙe masa suna.

Na kife turmi na zauna, ina bi da yatsa:
Nomau, sule uku da sisi.
Anaruwa, fam guda, sai bayan kaka.
Korau na Ƙofar Wambai, ya kawo rabi.
Tambai mai koko, an yafe mata.
Cindo, Mantau, Barmani, Hakama,
da Masoro baduku, wanda bai taɓa biya ba
kuma ba a taɓa hana shi ba.

Kowannensu da labarinsa goye a baya.
Nomau ya faɗo uban na duƙe a gona,
sai yaro aka tura da gudu.
Anaruwa, ungozoma ta iso zani a jiƙe,
indararo na zuba kamar ba zai daina ba.
Ajuji kuwa, huɗu uwar ta binne kafin shi,
aka kai shi juji aka ajiye
don mutuwa ta zaci ba a so, ta wuce.
Ta kuwa wuce.
Sai da ya ga casa'in, da haƙoransa na cin goro.

Jiya da la'asar na tsaya a bakin lungunmu,
'yan Islamiyya sun taso.
Afnan uku, Hanan biyar, Amir ba adadi,
ka kira ɗaya, bakwai su waigo.
Da daɗi a baki, ban musa ba.
Amma na tambayi maƙwabcina ma'anar sunan 'yarsa,
ya ce in dakata ya duba waya.

Kada a ce na taɓa sunan yanka.
Wannan na liman ne, da rago, da dabino,
yana nan daram inda aka raɗa shi.
Ina maganar na biyun,
wanda tsohuwa ke laƙabawa tana gasa cibi,
ta dubi sama, ta dubi rumbu, ta ƙirga kaburbura,
sannan ta buɗe baki.
Sunan da ke cewa: ga ranar da ka zo,
ga abin da ka tarar, ga wanda ka rasa.

Watan jiya Sa'ade ta sauka,
mace, bayan maza uku a jere.
Na ce, ai kuwa Kande ta zo.
Ta janye jaririyar kamar na kawo wuta:
"Kande? Ta daddawa ko ta wanke-wanke?
So kake a mai da ita abin dariya a aji?
Nihal za a ce mata."

Ban ja ba. Na ɗauko littafin,
na buɗe mata shafin ƙarshe,
inda hannun tsohon ya ɗan yi rawa.
Duk littafin shi ke bi, nan kaɗai ake bin sa:
Kande ta Alfindiki, fam biyu,
ta ba ni ran da gobara ta cinye rumfa.
Babu layin da ya soke shi.
Da jarin nan aka gina soron da ya rufta,
da shi aka yi sadakin uwar ubana.
Na ce, Sa'ade, bashi ba ya ruɓa,
kuma ban san ƙofar magadanta ba.

Ba ta ce komai ba.
Da rana Nihal nake ji, har a bakin 'yan barka.
Amma daren Talata, wuta ta ɗauke, zafi ya hana barci,
yarinya ta tsala kuka,
na ji mafici ya tsaya,
na ji murya can ƙasa, don kar in ji:
"Yi shiru, Kandala. Yi shiru, Kandena."

Na lalubi alƙalami a cikin duhu.
Da safe na ga layin ya karkace,
amma ya soke.